Na'ura ta tsara, ni in sa hannu: yadda nake rubuta rahoton gwaji a Jidda

Duk wanda ya yi aikinmu na masana halayyar ɗan Adam ya san ba ganin mara lafiya ne ke cin rai ba, rubutun da ke biyo baya ne. Ka zauna da yaro awa biyu kana gwada shi, ka zauna da uwarsa awa guda, ka buga wa malamarsa ta makaranta waya, sannan dare ya yi ka rage kai kaɗai da kwamfuta da shayin da ya huce, kana neman yadda za ka mai da duk wannan ya zama shafi takwas. Likitan ƙwaƙwalwa zai karanta, makaranta za ta karanta, uban ma zai kai wa wani ɗan'uwansa ya karanta masa. Kowa da abin da yake nema a ciki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki. Ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, abin da ake kira akhissa'iyya nafsiyya a nan. A Makka aka haife ni, wajen Shara Mansur na tashi, yanzu kuma ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. Da yawan masu zuwa wurina mutanenmu ne, don labari ya bazu cewa akwai wata ustaza mai jin Hausa. Lokacin da ChatGPT, na'urar ƙirƙirarriyar basira mai hira da tsara rubutu, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 ban ko kalle shi ba. Sai da rahotanni tara suka taru mini a wata Alhamis, ga jirgin ƙasan Haramaini da zan shiga in je gida, sannan na ce bari in gwada. Da, cikakken rahoto yana cin awa shida. Yanzu uku, wani lokaci uku da rabi. Abin da ya ragu buga rubutu ne da gyaran jimla. Tunanin yana nan yadda yake, ko minti ɗaya bai ragu ba, kuma duk wanda ya ce maka na'urarsa ta rage masa tunani, ka nemi rahotonsa ka karanta.

Ga yadda nake yi.

Kafin ka buɗe manhajar

Abu na farko ba na fasaha ba ne, na amana ne, kuma yanzu na doka ne. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya an fitar da ita a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumban 2023, aka ba kowa shekara guda ya gyara zamansa. SDAIA, hukumar ƙasar mai kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, ita ce ke sa ido a kanta. A dokar, bayanin lafiya yana cikin rukunin da ya fi buƙatar tsaro, kuma fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa yana da sharuɗɗansa. Wanda ya fallasa irin wannan bayani don ya cutar da mai shi ko don ya amfani kansa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar da ta kai riyal miliyan 3, sauran saɓa wa dokar kuma tararsu na iya kaiwa miliyan 5. Ban da wannan ga lasisinka na Hukumar Ƙwararrun Lafiya, wadda dukkanmu Hai'a kawai muke ce mata. In ka kwafe tarihin mara lafiya da sunansa ka zuba a manhajar da rumbunta ke Amurka, to ka fitar da shi ƙasar waje, ko da kana zaune a ofishinka ne a Jidda.

Don haka tambayi asibitinku tukuna wace manhaja aka yarda da ita. In sun yi yarjejeniya da wani kamfani, ita za ka riƙe. In babu, akwai hanyar da na fi samun kwanciyar hankali da ita: ka saukar da ƙaramar na'urar ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarka ta hanyar Ollama ko LM Studio, ta yi aiki ba tare da intanet ba. Larabcinta bai kai na manyan ba, amma abin da ka rubuta ba ya fita daga ɗakin. In kuma ta gama-gari za ka yi amfani da ita, irin su ChatGPT ko Gemini ko Claude, ka shiga saiti ka kashe wurin da ke ba su damar koyar da na'urarsu da hirarka. Ko ka kashe ɗin, dokata ɗaya ce: babu abin da ke shiga wanda za a iya gane mutum da shi.

A nan ne yawancin abokan aiki ke kuskure, don sun ɗauka cire suna ya wadatar. Suna, lambar katin ɗan ƙasa mai farawa da 1, lambar iƙama, katin zaman baƙi, mai farawa da 2, lambar fayil, lambar waya, ranar haihuwa, sunan makaranta, duk wannan kowa ya sani. Amma mu al'umma ce da aka san juna. In na rubuta "mahaifinsa mai tsire ne a unguwa kaza, matansa biyu, ta farkon ta rasu bara a Ramadan", to ban ambaci suna ba, amma duk wata tsohuwa daga Hindawiyya zuwa Misfala za ta gaya miki gidan da ma wanda ya ɗaura auren. Sai in mai da shi "uba ɗan kasuwa ne, an yi babban rashi a gidan cikin shekarar da ta wuce". Yaron kuma ya zama "Yaro A". Maganar matsayin zama a ƙasa, ko takardun gidan sun cika ko ba su cika ba, wannan ba ta shiga kowace na'ura, kuma in ba ta shafi dalilin gwajin ba, ko rahoton ba ta shiga.

Ina kuma gaya wa masu shi. A takardar amincewa akwai layi guda a kan haka, amma da baki nake bayani. Wata rana wata dattijuwa da ta kawo jikanta ta saurare ni har na gama, sai ta gyara mayafi ta ce:

"Ustaza, wannan abin naku, ba zai kai maganarmu jawazat ba?" Hukumar shige da fice take nufi.

Na ce, "A'a Inna. Ko sunanku bai sani ba. Kamar magatakarda ne da nake yi wa shifta daga bayan labule."

Ta ce, "To ni dai ki rubuta da hannunki, 'yar nan."

Da hannuna na rubuta. Wanda ya ce a'a, a'a ɗinsa ta zauna, kuma ba ya rasa komai sai ɗan jinkirin kwana biyu.

Lissafi naka ne

Ba na ba na'ura ɗanyen maki in ce ta fitar mini da sakamako. Dalili biyu. Na ɗaya, tambayoyin gwaje-gwaje irin su WISC-V, wato gwajin basirar yara na Wechsler, da MMPI-2, gwajin halayya mai tambaya 567, da teburan mizaninsu mallakar kamfanonin da suka buga su ne, kuma sirrinsu shi ne amfaninsu. Ranar da tambayoyin suka zama ruwan dare, gwajin ya mutu. Na biyu, na'urar ba ta da teburan, amma hakan ba zai hana ta ba ka lamba ba, kuma za ta ba ka ita da cikakken ƙarfin hali. Na taɓa ba ta daidaitaccen maki 78 na ce ta rubuta bayaninsa, sai ta ce yaron ya fi 12 cikin ɗari na tsararsa. A ma'aunin da tsakiyarsa 100 ne kuma tazararsa 15, maki 78 yana nufin ya fi 7 cikin ɗari. Ka haddace 'yan waɗannan don idonka ya riƙa kama kuskure da wuri: 70 shi ne 2, 85 shi ne 16, 100 shi ne 50, 115 shi ne 84, 130 kuma 98.

Akwai wani rami kuma da sai mu na nan muke faɗawa, ramin kalanda. Iyaye da yawa da Hijiriyya suke ƙirga shekarun 'ya'yansu, shekarar Hijira kuwa ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Ɗauki yaron da aka haifa 1 ga Ramadan 1436, wato 18 ga Yunin 2015. Ranar 1 ga Ramadan 1446, wadda ta zo daidai da 1 ga Maris na 2025, uwarsa za ta ce maka ya cika goma cif, kuma gaskiya ta faɗa. A Miladiyya kuwa shekararsa tara da wata takwas da 'yan kwanaki. Teburan Wechsler na yara wata huɗu-huɗu aka yanka su, don haka in ka bi maganar "goma" ka buɗe teburin da ba nasa ba, ka auna shi da waɗanda suka girme shi, ka rage masa maki ba gaira ba dalili. Kada ka bar wa na'urar hira wannan juyi. Yi amfani da mai juya kwanan wata na kalandar Ummul Ƙura, ka lissafa shekaru da wata da kwana da hannunka, ka rubuta duka ranakun biyu a rahoton.

Bayan lissafi sai in ɗauki takarda guda in rubuta abin da na fahimta, a gutsure, ba ruwana da kyan jimla. Wa ya turo shi, kuma wace tambaya yake son a amsa masa. Abin da uwa ta ce. Abin da malama ta ce. Abin da na gani da idona. Makin kowane sashe, da matsayinsa cikin ɗari, da sunan rukuninsa. Sannan jimla uku ko huɗu na hukuncina. In na kasa rubuta waɗannan jimloli huɗu, to ban gama fahimtar yaron ba, kuma lokacin buɗe manhaja bai yi ba. In ka buɗe ta a wannan hali za ta ba ka fahimtar aro, mai santsi, ka karanta ka ji kamar taka ce.

Umarnin da nake ba ta

Rahotanninmu da Larabci suke fita, wasu da Turanci, don haka da su nake rubuta umarnin. Ga ma'anarsa:

"Ke magatakarda ce, ba likita ba. Zan ba ki bayanai a gutsure. Ki mai da su sakin layi biyu da Larabci mai sauƙi wanda malamin firamare zai fahimta. Kada ki ƙara abin da ban faɗa ba. Kada ki sauya lamba, kada ki lissafa sabuwa. Kada ki ambaci sunan wata cuta. Inda kika ga giɓi ki sa alamar tambaya uku a jere ki wuce. Wanda ake magana a kansa namiji ne. Abin da uwa ta faɗa ki jingina mata, abin da na gani ki jingina mini."

Kowane layi a nan da labarinsa. Maganar namiji ko mace, misali, ta zo ne don da zarar ka cire suna, Larabci kuwa kowace aikatau sai ta nuna jinsi, sai ka tarar yarinya ta koma yaro a tsakiyar shafi na uku.

Sashe-sashe nake ba ta, ba rahoton gaba ɗaya ba: dalilin turowa, tarihi, abin da aka lura da shi lokacin gwaji, bayanin sakamako, shawarwari. In ka zuba mata komai a lokaci guda sai ta cakuɗa, maganar malama ta koma bakin uwa. Kowane mara lafiya kuma da sabuwar hira, don kada ragowar wancan ya tsallako cikin wannan. Na kuma ajiye wani tsohon rahotona da na wanke shi tas daga duk wata alama, ina nuna mata in ce ta bi salonsa, don in ba haka ba Larabcin da take rubutawa irin na huɗubar bikin yaye ɗalibai ne.

Inda ta fi amfani: mai da gutsure ya zama jimla, taƙaita shafi takwas ya zama rabin shafi don likita, juya rahoto daga Larabci zuwa Turanci in makarantar ta ƙasa da ƙasa ce, da kuma tambayar da na fi so, "a wannan rubutu, ina ne maganata ta ci karo da juna?" Sau da yawa takan kamo inda na ce yaron ya natsu a shafi na biyu, na kuma ce ya kasa zama a shafi na biyar, ban bayyana cewa zama biyu daban ba ne.

Abin da ba ta sani ba game da mu

Nan ne zan daɗe, don nan ne cutarwa take ɓuya.

Na taɓa rubuta mata a gutsure: "bai kalli idona ba duk tsawon zaman, kansa a sunkuye". Ta dawo mini da kyakkyawar jimla cewa an lura da ƙarancin haɗa ido, abin da ke iya zama alamar tawahhudi, wato otizim. Yaron nan kuwa tarbiyya ce ke ɗawainiya da shi. A gidajenmu yaron da ya tsura wa babba ido shi ake kira fitsararre. Da na leƙa ɗakin jira na same shi yana kallon ƙanensa ido cikin ido, suna rigima a kan waya. Haka uwar da ba ta kama sunan ɗanta ko sau ɗaya cikin awa guda ba, sai "yaron nan", sai "shi wannan". Na'urar ta fassara shi da sanyin alaƙa tsakanin uwa da ɗa. Ɗan fari ne. Alkunya take yi, kuma ita ce ta kwana uku ba ta runtsa ba lokacin da ya yi zazzaɓi. Yaron da goggonsa ta ɗauka riƙo tun yaye kuma, sai ta rubuta shi a matsayin wanda iyaye suka yasar. Riƙo yana iya zama alheri, yana iya zama rauni, na ga duka biyun, amma wanne ne a wannan gidan, tambaya ce da sai an zauna da mutane ake amsa ta.

Sai maganar yadda muke faɗin ciwo. Mace ta ce "gabana na yawan faɗuwa", ko "zuciyata na tafasa", ko "kaina ya ɗau zafi", ko "wani abu na yawo a jikina". In ka ba na'ura wannan na ƙarshe yadda yake, za ta iya rubuta maka cewa mara lafiyar tana jin abin da babu shi a fatarta, alamar gushewar hankali. Sau tari kuwa damuwa ce ta yi mata yawa, kuma da jiki muka saba faɗin ta, don "ina cikin baƙin ciki" magana ce mai nauyi a bakin matar da aka koya wa haƙuri tun tana 'yar ƙarama. Haka maganar iska da sammu da kambun baka da zuwa wurin mai ruƙiyya. Littafin DSM-5, jagoran tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da ya fito a 2013, ya ja kunne a kan ɗaukar abin da al'umma ta yi imani da shi a matsayin ruɗin ƙwaƙwalwa, har ya zo da tambayoyi 16 na fahimtar ciwo ta fuskar al'adar mai shi. Sai dai takobi ne mai kaifi biyu. Na ga saurayin da aka shekara ana yi wa ruƙiyya alhali muryoyi yake ji suna ba shi umarni, yana buƙatar magani da gaggawa. Raba waɗannan biyun shi ne aikin da aka ba ni lasisi a kansa.

Maganin wannan mai sauƙi ne: kada ka ba ta abin da ka gani tsirara, ka haɗa da fassararka. Maimakon "bai kalli idona ba", sai in rubuta "ya sunkuyar da kai gaban babba, ladabi ne a al'adar gidansu, ya haɗa ido da ƙanensa yadda ya kamata". Ina kuma da ɗan ƙamus na shafi guda da nake liƙa mata a farkon kowace hira, kalmomin Hausa kusan talatin da yadda nake so a faɗe su da Larabci.

Harshe ma haka. Yaranmu da yawa Hausa suke ji a gida, Larabcin Hijaz a titi, fusha, wato Larabcin littafi, a aji. In sashen fahimtar magana ya ba da 78 amma sashen warware matsala da hoto ya ba da 104, wato ya fi 61 cikin ɗari na tsararsa, na'urar za ta yi saurin cewa akwai rauni a harshe. Ni kuwa sai na tambayi kaina da wane harshe aka gwada shi, kuma yaran wace ƙasa aka auna aka kafa mizanin. Wannan gargaɗi ni nake rubuta shi da kaina a kowane rahoto, in kuma hana ta taɓa shi.

Abubuwa biyu da ba na sakar mata

Sunan ciwo, da hatsarin mutum ya cutar da kansa.

A kan sunan ciwo, tana cakuɗa tsohon ilmi da sabo. A tsohon bugu na DSM sai alamomin ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, sun bayyana kafin shekara 7, a DSM-5 kafin 12, kuma na ga ta kawo tsohon. Makin 70 zuwa 79 bugu na huɗu na gwajin Wechsler na yara ya kira shi "kan iyaka", bugu na biyar na 2014 ya kira shi "ƙasa sosai", ita kuwa duk wanda ya zo bakinta. Ta kuma manta cewa ƙaramin maki kaɗai ba ya sa a ce yaro yana da naƙasar fahimta, sai an duba yadda yake tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum, da ma'auni irin su Vineland-3. Littafin DSM-5-TR na 2022 yana kan teburina a buɗe, shi nake dubawa.

A kan hatsari, ga misali. Ma'aunin PHQ-9, mai tambaya tara a kan ciwon damuwa, makinsa daga 0 zuwa 27 ne, 5 zuwa 9 damuwa ce mai sauƙi. Mace ta samu 8. Ka ba na'ura ta taƙaita, za ta ce damuwa mai sauƙi, ta ba da shawarar motsa jiki. Amma a tambaya ta tara, wadda ke tambayar ko mutum yana jin gara ya mutu, matar ta sa alama a 1, wato ta ji hakan a wasu ranaku. A cikin mutanen da suka san girman haramcin wannan tunani, wadda ta iya ɗaga biro ta sa 1 ta faɗi babbar magana. Wannan sakin layi da hannuna nake rubuta shi, bayan na zauna da ita, kuma shi nake fara gaya wa likita ta waya kafin rahoton ya isa.

Naɗar hira a mai da ita rubutu kuwa, na gwada na bari. Hirarmu Hausa ce da Larabci a jimla guda, manhajojin sai su rikice. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito masu bincike sun gano manhajar Whisper, wadda ake amfani da ita har a asibitoci, tana ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya furta su. Biro da takarda sun ishe ni.

Karatu uku da jan biro

Wannan mataki na koye shi ne da kunya. A watannin farko na tura rahoton wani yaro ga likitan ƙwaƙwalwarmu, dattijo ne da ya girmi babana. Da yamma ya kira ni.

"Ustaza, kin rubuta babu mai ciwon ƙwaƙwalwa a danginsu. Kin tambaya?"

Na yi shiru. Ban tambaya ba.

"Uwar ta ce mini kawunsa ya taɓa kwanciya a Shihar."

Duk ɗan Hijaz ya san Shihar, tsohon asibitin ƙwaƙwalwa na Ɗa'if, wanda sunansa kaɗai ya zama abin gori a bakin mutane, shi ya sa ba kowa ake gaya wa ba. Na koma gutsurena, babu wannan magana ko kusa. Na'urar ce ta sa, ni kuma na karanta na wuce don jimlar ta yi kama da wadda na saba gani. Haka take aiki: kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take hasashe, kuma a dubban rahotannin da ta koya daga gare su, bayan tarihin haihuwa wannan jimla ce ke zuwa. Ba ƙarya take nufi ba, giɓi take cikewa. Amma sunana ne a ƙasan takardar da lambar lasisina. Na ce, "Dakta, kuskurena ne," na janye rahoton na sake.

Tun daga ranar nake buga rahoto a takarda in karanta sau uku. Karatun farko lambobi kawai, kowace in gwada ta da takardar maki. A nan ka lura da wani abu na Larabci: in ka liƙa tazara irin 73–85 a Word, rubutun dama da na hagu sukan yi karo ta juye ta koma 85–73. Karatu na biyu, kowace jimla in tambaye ta daga ina ta fito. Wadda ban ga asalinta a gutsurena ba, jan biro ya hau kanta, ko da gaskiya ce. Na fi tsananta wa jimlolin "babu": babu tarihin kaza, bai taɓa kaza ba. Karatu na uku in zama uban yaron, in ga wace kalma ce za ta tsaya masa a wuya. Bayan nan ne nake mai da ainihin suna da lambar fayil, a kwamfutar asibiti, ba a manhajar ba. In goge hirar, in rubuta layi guda a fayil cewa an yi amfani da na'ura wajen tsara jimla.

Shafin iyaye

Rahoton hukuma ba na uwa ba ne. Don haka nakan yi wani shafi guda dabam: me muka gano, me za a yi a gida, yaushe za a dawo. Yawancin iyayen da aka haifa a nan Larabci suke karantawa, ba boko ba, sai in yi musu da Larabci mai sauƙi. Waɗanda suka zo daga ƙasar Hausa da girmansu kuma in yi da Hausa. Na'urar takan ba ni daftarin Hausa, amma sai na sake kusan rabinsa. Tana zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, tana gina jimla kamar wanda ya yi tunani da Turanci, kuma ba ta san nauyin kalma ba. Ta taɓa rubuta mini "taɓin hankali" a kan yaron da jinkirin koyon karatu kawai yake da shi. Da takardar nan ta shiga gida, da ta bi ƙannensa mata har ranar da za a zo neman aurensu.

Shafin ma ba na miƙa shi haka kawai. Jikan dattijuwar nan da ta hana ni amfani da na'ura, ranar da suka dawo karɓar sakamako ta zo da 'yarta. Na karanta musu a hankali: ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, haruffa ne ke yi masa gardama, a zauna da shi minti goma sha biyar bayan Magariba, a daina gwada shi da yayansa, a kai wa makaranta takardar su ba shi ƙarin lokaci a jarrabawa. Ta ce in maimaita, 'yar ta kunna waya ta naɗa. Da suka miƙe ta tsaya a bakin ƙofa.

"Minti nawa kika ce, 'yar nan?"

"Goma sha biyar, Inna."

"To kafin a kira Isha ke nan." Ta ja hannun yaron suka fita.